Kofur a Bayan Mota

"Mi yac ce?"

Saje Tambari ya dafa gwiwata da hannunsa mai nauyi. Fuskarsa na kallon bango, inda yake zaton wayar take, alhali na jingine ta da buta a ɗaya gefen tabarmar.

"Ya ce a ƙara itace a wuta."

"A'a, Malam. Maganar ta hi haka tsawo."

"Ya ce a ƙara itace a wuta don sanyi ya yi yawa. Sauran duk zagi ne."

"To hwaɗi zagin mana! Ina ka taɓa jin soja na magana babu ashar? Kai kana cinye min rabin fim."

Na faɗa masa zagin. Bature ya ambaci uwar wani, ni ma na ambace ta da Hausa, a zauren maƙwabcina, bayan sallar La'asar, da hular dattako a kaina. Saje ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga cikin gida 'yarsa Sadiyatu ta ɗaga murya tana tambaya ko lafiya.

"Lahiya lau! Malam Zayyanu na ka koyon aikin soja."

Na yi shekarun ƙarfina duka ina koyar da Turanci da adabi a makarantun sakandare. A ɗakina akwai littattafan da in ban da ni da gara, babu wanda ya taɓa buɗe su a Unguwar Rogo. Ga inda karatun ya kai ni: na zama tafintan karnuka.

Bango ɗaya ya raba gidana da na Saje. Tsohon soja ne, an kai shi ƙasashen waje aikin kwantar da tarzoma tun yana da baƙin gashi, ya dawo da ƙafa mai ɗingishi da murya mai tashin jarirai. Ba abokina ba ne. Ni ba ni da abokai tun rasuwar matata Dijatu, kuma kafin nan ma nata ne nake ara. Muna gaisawa a masallaci, shi ke nan. Sai ciwon sukari ya ci idanunsa, daga baya ya gangara ƙoda. Ranakun Litinin da Alhamis ana kai shi asibiti wankin ƙoda, a haɗa shi da inji ya tace masa jini, ya dawo kamar tsumman da aka matse. Matarsa ta riga shi tafiya, don haka Sadiyatu ta baro gidan mijinta a Birnin Kebbi, ta bar 'ya'yanta wurin uwar miji, ta zo ta zauna jinya.

Abin da ya rage masa na jin daɗi fim ne, shi ma iri ɗaya tak. Sojoji a wani lungu na duniya, an yanke su daga kowa, ga wasu mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci in wata ya cika, wanda duk suka ciza kuma shi ma ya zama irinsu. Saje kuraye yake ce musu. Na gyara masa sau da yawa, ya ce a garinsu kura ce mutum yake zama, kuma bai ga dalilin da zai sa Bature ya fi shi sanin dabbobi ba.

Na taɓa tambayarsa abin da dattijo mai jikoki yake nema a wannan shirme.

"Finafinan yaƙi duk ƙarya suka yi, Malam," ya ce. "Mutum guda shi harbe ɗari, hulatai ba ta hwaɗi ba. Amma wanga, tsoron na gaskiya ne. Ku kwana rami guda da mutum, ku ci kwano guda, gobe ka dube shi ba ka san shi ba. Wanda yay yi wanga fim ya san wani abu."

Da can ba ya buƙatar kowa. Akwai masu ɗora muryar Hausa a kan finafinan waje, su yi maganar kowa, su faɗi abin da ke faruwa, har su ƙara da nasu barkwancin. Makaho ma zai bi labari. Wani mai shagon tura finafinai a Ƙofar Taramniya, Hashim, shi ke cika masa waya. To finafinan da aka fassara sun ƙare, sai guda ɗaya mai tsawo da ba a taɓa ba. Da shi Sadiyatu ta zo ƙofar gidana, ta durƙusa, ta ce Baba Malam a taimaka. Na so in ce ba ni da lokaci, amma duk unguwa ta san lokaci ne kaɗai abin da nake da shi.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. An ci wata runduna da yaƙi, 'yan tsirarun da suka saura suna gudu cikin dusar ƙanƙara a babbar mota ɗaya, halittun nan na biye da su. Direban motar tsohon kofur ne, shi ya koya wa kusan dukkansu riƙon bindiga. Shi aka ciza. Ƙaramin hafsan da ke jagorantarsu ya ƙi yarda a kashe shi. Suka ɗaure shi da sarƙa a bayan motar, da niyyar kai shi barikin da ke can gaba inda aka ce akwai likita. In hankalinsa na jikinsa yana ba su labari yana nuna musu hanya. In abin ya motsa, sai su toshe kunnuwa.

Kaɗan-kaɗan muke kallo, don Saje ba ya jure dogon zama. Kullum in zan tashi sai ya ce, "Kak ka kalla gaba ba ni nan, Malam. Amana ce."

Ranar wata Lahadi na shigo na tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Kwanakin da ke gab da wanki su ne mafi muni, dattin jini ya taru ya hau masa kai. Sadiyatu ta fito da hannunta na dama naɗe da tsumma. Ta ce ƙofa ce ta matse ta. Ni kuwa da hantsi na ji komai ta bango, muryar Saje yana ba da oda ga mutanen da suka daɗe a ƙasa, da ƙarar kwano, da ita tana cewa, "Baba ni ce, Baba ni ce."

Bayan wankin Litinin hankalinsa ya dawo. Muna zaune ban kai ga kunna wayar ba ya ce, "Da hannun hagu ta ba ni ruwa yau. Ɗiyata ba ta taɓa ba ni abu da hagu ba."

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ni ne?"

"Kai ne."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce in kunna.

Saura kashi na ƙarshe Sadiyatu ta tare ni a soron waje, ta rage murya.

"Baba Malam, na kalli ƙarshen."

"Ashe ke ba a ba ki amanar ba."

Ba ta yi murmushi ba. "Harbe shi suka yi. Shi da bakinai ya roƙe su. Ba na jin Turancin duka amma na gane. Don Allah in kun zo wurin, ku ce mai sun kai shi bariki. Ku ce likita ya yi mai allura ya warke."

"Zai ji ƙarar bindiga."

"Ku ce kurayen anka harba. Ai ba shi gani." Ta gyara mayafinta da hannun da ba ya ciwo. "Masu fassara ma haka suke yi, Baba Malam. Bature ya yi maganatai, su ce ya ce a kawo mai tuwo da miyar kuka. Babu wanda ya taɓa kai su ƙara."

"Ni ba su ba ne."

"Na sani. Shi ya sa zai yarda in ku kunka hwaɗi." Idonta ya cika. "Tun ranar Lahadi yake tambayata yaushe zan koma ɗakina. Jiya ya ce in kira mijina ya ba shi haƙuri. Ba fim yake kallo ba yanzu."

Na ce zan duba. Ita ta ɗauka alkawari ne, ni kuma na bar ta ta ɗauka.

A nan sai na faɗi wani abu game da Dijatu, don a san da irin mutumin da yarinyar nan ta yi shawara. Mu in an tambayi majinyaci jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Dijatu ta yi jinyarta duka da sauƙi. 'Yan'uwanta suka ce da sauƙi, ma'aikatan jinya suka ce da sauƙi, ita ma da leɓɓanta da suka bushe ta ce min da sauƙi, in je gida in yi wanka in huta. Na je. Ina cikin wankan aka buga waya. Tun daga ranar na ɗauki gaba da duk wata magana mai daɗi, kuma na ɗauki wannan gabar a matsayin ɗabi'a ta gari. Mutum in ya daɗe shi kaɗai da littattafai yakan iya yi wa kowane ciwonsa suna mai kyau.

Duk da haka, wallahi da ƙaryar na shiga zauren. Na shirya ta tun a gida, har sunan likitan na ƙaga.

Ana zafi ranar, irin na bazara, bango kansa yana huci. Babu wuta, Sadiyatu ta ajiye mana ƙaramar fanka mai caji tana juya iska mai ɗumi. A cikin wayar kuwa dusar ƙanƙara ce har gwiwa. Motar ta kafe a bakin wata gada. Sai sun rage kaya za ta haye, ga kukan halittun yana matsowa. Ƙaramin hafsan ya zagaya baya ya hau. Kofur na zaune cikin sarƙa, rabin fuskarsa ta fara sauyawa, amma idanun nasa ne. Ya yi magana mai ɗan tsawo, a natse. Yaron ya girgiza kai. Kofur ya sake magana. Sai aka nuna gadar daga nesa, aka ji harbi guda.

Na dakatar da wayar.

"Mi yac ce?"

Na buɗe baki, sunan likitan na kan harshena.

"Tsaya, Malam," ya ce, ya lalubo gwiwata. "Ka san abin da yas sa nike son zama da kai? Unguwar ga duka, kai ɗai ne ba ka taɓa ce min da sauƙi ba. Liman ya ce, likita ya ce, ɗiyata ta ce. Kai kuwa ko gaisuwa kake awa kana karanta hukunci. To hwaɗa min."

Shekara da shekaru babu wanda ya yabe ni, sai ga shi an yabe ni a kan abin da na fi ji da shi. Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Na gyara zama, na fassara.

Na ce, kofur ya ce: yaro, kun ɗauke ni iya inda ake ɗaukar mutum. Motar nan saboda ni take tafiyar hawainiya. Jiya na ji ƙanshin wuyanka na yi sha'awa, kuma na san gobe ba zan ji kunyar hakan ba. Ina so in tafi tun ina gane sunanka. Kana da 'ya'ya a gida, je ka su gan ka.

Ban tsallake kalma ba. In gaskiya ake so ma, na fi Baturen iya faɗa. Nasa Turancin na kasuwa ne, ni na zaɓo masa Hausa mai nauyi, na sassauta murya inda ya dace. A duk aikin koyarwata ban taɓa yin fassara mai kyan wannan ba, kuma ina yi ina sane da kyanta.

"Harbin hwa?"

"Yaron ne ya harbe shi."

Sai a lokacin na lura da labulen ƙofar cikin gida. Akwai ƙafafu a ƙarƙashinsa. Suka ɗan tsaya, sannan suka juya.

Saje ya ɗauke hannunsa daga gwiwata. Fankar ta yi ta juyawa.

"Sun haye gadar?"

"Sun haye."

"To madalla." Ya shafa gemunsa. "Kofur ɗin nan soja ne."

Ya ce in miƙo masa butar. Likita ya ƙayyade masa ruwa, ɗan kofi ake auna masa. Ya kafa baki ya sha har ya gangaro masa a wuya, ni kuma ina kallo.

Ranar Alhamis ya ce ba za shi asibiti ba.

Kafin azahar gidan ya cika. Ƙanensa ya zo daga Kwalkwalawa da ƙurar gona a ƙafa, ya yi faɗa, ya yi lallashi. Liman ya zo ya zauna kusa da shi, ya yi masa nasiha a kan cewa rai amana ce, ba a yarda bawa ya jefa kansa ga halaka ba.

"Allah gafarta Malam, ban sha guba ba, ban rataye kaina ba," in ji Saje. "Inji ne na gaji da shi. Kakana bai san inji ba, kuma Musulmi ya mutu."

Liman ya kawo hujja, Saje ya ce ya ji ya gode. Da aka matsa masa sai ya juya fuska bango ya yi kamar barci.

Na jira kowa ya watse sannan na shiga.

"Saje, fim ne. Wani ne ya zauna a ɗaki mai sanyi ya rubuta don a biya shi. Kofur ɗin nan da aka gama ɗauka tashi ya yi ya wanke fuska ya tafi cin abinci. Yanzu haka yana wani fim ɗin yana auren wata."

"Na sani, Malam. Ni ba yaro ba ne."

"To don me?"

"Kai da kanka ka ce ni ne na murɗe mata hannu."

"Ciwo ne ya murɗe."

"Shi ma kofur ciwo ne." Ya yi ɗan murmushi. "Kak ka ɓata aikinka. Ka yi fassara mai kyau."

Na sha gaya wa kaina cewa mutumin nan ya riga ya yanke shawara tun ranar Lahadi, fim ko babu fim. Mai yiwuwa haka ne. Amma ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan Lahadin ya je asibiti da ƙafarsa, kuma bayan fassarata bai sake zuwa ba. Wannan lissafin ko ɗan aji ɗaya zai yi shi.

Sadiyatu ba ta ce min komai ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Kullum muka haɗu sai ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ina kwana, Baba Malam," ta jira in amsa, ta tashi ta wuce, idonta a kan takalmana.

Da Litinin ta sake wucewa bai je ba, na hau kabu-kabu zuwa Ƙofar Taramniya. Shagon Hashim wani ɗan ɗaki ne tsakanin mai ɗinki da mai sayar da robobi, an liƙe bangonsa da hotunan mutane riƙe da bindigogi. Mutum ne mai tumbi, yana zaune gaban kwamfuta da wayoyin mutane jere a gabansa kamar kifi a faranti.

"Ina son fim na sojoji da masu rikiɗa," na ce. "Amma wanda in an ciji mutum ake yi masa magani ya warke."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hulata. "Alhaji, wa zai kalli wannan?"

"Ban tambaye ka wa zai kalla ba. Akwai?"

"Ni dai duk wanda ya biyo ta hannuna, in an cije ka to sai dai haƙuri. Ko su harbe ka, ko ka cinye su. Akwai wanda mutumin ya tayar da bam da kansa, wannan ana sonsa ƙwarai." Ya matsa linzamin kwamfutar. "Na Saje ne? Kwana biyu ban ga ɗiyarsa ba. Ƙaƙa jikin nasa?"

Na ji kalmar ta taso min har maƙogwaro.

"Da sauƙi," na ce. "Tura min kowanne, in dai babu fassara."

Na samu Saje an dawo da shi ɗakinsa na ciki, don ba ya iya fitowa zaure. Ƙafafunsa sun kumbura har fata na sheƙi, numfashinsa yana wani wari kamar na fitsari. Sadiyatu ta yi min iso, ta koma bakin ƙofa ta zauna da tiren shinkafa tana tsincewa.

"Na kawo sabo," na ce.

"Kai da kanka?" Muryar ta ragu ƙwarai. "Lallai duniya ta zo ƙarshe. Kunna."

Ban san abin da fim ɗin ya ƙunsa ba, har yau ban sani ba. Wasu sojoji ne a cikin jirgin ruwa, ana ta ihu a duhu. Na bar su suna ihunsu na kama nawa labarin. Na ce an ciji wani tsohon saje. Na ce yaransa sun ɗauke shi a kafaɗa. Wani a fim ɗin ya kurma ihu, da alama cinye shi ake yi, na ce murna yake sun hango asibiti. Na kawo likita, mace, mai haƙuri. Na ce ta ce ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma in ana tace jinin a kai a kai mutum zai zauna da hankalinsa har ya ga auren jikokinsa. Na ce sajen ya ƙi da farko, sai 'yarsa ta zo ta ce masa ita ba nauyi take ɗauka ba, ubanta take riƙe da shi. Aka yi ta harbe-harbe a wayar, na ce bikin sallamarsa daga asibiti ake yi.

Ƙarya ce marar fasali, in ɗalibina ya rubuta min irinta da jan biro zan bi ta. Gumi ya jiƙa min riga.

Saje ya saurara idanunsa a rufe. Can ya ce, "Malam."

"Na'am."

"Wanga fim ɗan Indiya yay yi shi?"

Ƙirjinsa ya motsa, dariya ce ba ta samu ƙarfin fita ba. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya har warin numfashinsa ya cika min hanci.

"Ba ka iya ba," ya ce a hankali. "Amma ci gaba. Tana ji."

Na waiwaya. Hannun Sadiyatu ya tsaya a cikin shinkafar, kanta a sunkuye.

Na ci gaba. Na mayar da sajen gida, na sa aka yanka rago, na sa jikokinsa suka hau masa jiki. Na yi ta magana har cajin wayar ya ƙare, na ƙara kaɗan a kan baƙin gilashi. Da na yi shiru ya riga ya yi barci.

Na tsaya a bakin ƙofa ina neman takalmina. "Ko gobe zai yarda," na ce.

"Allah ya sa," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Bai yarda ba. Bayan nan ma babu sauran wanda za a tambaya, don hankalin ya tafi, sai barci da 'yan maganganu da ba a ganewa. Bai sake ɗaga wa kowa hannu ba, ƙarfin yin hakan ya ƙare. Ranar Laraba da hantsi ina tsaye ina jiran ruwan shayi ya tafasa, na ji salatin Sadiyatu ta bango, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na kashe risho.

Ƙanensa da liman suka yi masa wanka. Aka sallace shi a ƙofar gida bayan azahar. Wasu tsofaffi uku da ban taɓa gani ba suka zo, ɗaya da sanda, suka tsaya a sahu ƙafafunsu a haɗe, ƙirji a gaba. Liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka ce sun yafe. Ni ma na ce, don babu wurin da ake tambayar mamaci ko shi ya yafe mana. A maƙabarta na karɓi makara na ɗan taka da ita. Ya fi yadda na zata nauyi, ruwan da ya taru a jikinsa ne.

Da yamma na shiga yi wa mata gaisuwa. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Sadiyatu, Allah ya jiƙansa. Ni kuma…"

"Amin, Baba Malam. Allah ya ba da lada."

Abin da ta faɗa wa matar da ta riga ni ke nan, shi ta faɗa wa wanda ya biyo bayana.

Washegari Alhamis muna zaune a tabarmin makoki, rana ba ta yi zafi ba tukuna, sai ga keke napep ya shigo layin yana kauce wa kwata. Ya tsaya daidai ƙofar gidan. Direban, wani magidanci mai furfura a gemu, ya dubi tabarmi, ya dubi butoci da mutane, ya kashe injin. Ya sauko ya cire takalmi ya tsuguna a gabanmu.

"Yaushe?"

"Jiya da hantsi," in ji ƙanen Saje.

Ya yi salati, ya yi addu'a muka shafa. Ya ce sunansa Abdulshakur, shi ke kai Saje asibiti tun farkon ciwon. Wani ya ce ai Saje ya kwana biyu da daina zuwa.

"Na sani," ya ce. "Ɗiyar ce ta ce in riƙa zuwa duk ranar wanki, in tsaya a ƙofa, ko Allah zai sa shi ce a tahi. Nakan jira kaɗan, in ta leƙo ta girgiza kai sai in wuce."

Aka matsa masa ya zauna a gefena. Aka miƙo masa ruwa ya sha. Daga inda nake ina hangen cikin keken. A kujerar baya, ɓangaren da babu rana, an ɗaure wani tsohon matashin kai da igiya don kada ya zame, tsakiyarsa ta lotsa.